Ga Wadda Aka Ga Ƙari A Hantar Maigidanta: Kada Ku Jira Kaka

Wata baiwar Allah ta rubuto mana daga Ƙaura Namoda, ga taƙaitaccen abin da ta ce:

"Assalamu alaikum. Maigidana ɗan shekara 47 ne, yana noma, yana kuma saye da sayar da hatsi da gyaɗa. Shekara shida da suka wuce ya je ba ƙanensa jini aka ce yana ɗauke da ciwon hanta nau'in B, amma bai sake bi ta kai ba, domin ba ya jin komai a jikinsa. Yana da ciwon suga, kuma an ce ƙodarsa ta soma rauni. A makon jiya aka yi masa sikanin a Gusau, aka ga ƙari mai girman santimita 2 a hantarsa. Likita ya ce sai an sake wani sikanin da ake yi da allura mai ƙananan kumfa a jijiya, ya rubuta CEUS a takarda, ya ce allurar hoton CT tana iya taɓa ƙodar. Yayansa ya ce bai yarda ba, domin iska idan ta shiga jijiya kisa take yi. Hajiyarsu ta ce a fara jiƙo tukuna, ta kuma sa an ware masa kwano da kofi. Shi kuwa ya ce a bari sai an yi kaka an samu kuɗi. Ina da tumaki huɗu da zan iya sayarwa. Allurar nan tana da haɗari? Kuma za mu iya jira?"

Wa alaikumus salam, 'yar'uwa. Allah ya ba maigida lafiya, ya saka miki da alheri a kan tsayuwar da kika yi masa. Zan soma da tambayarki ta biyu, domin ita ce mai gaggawa: kada ku jira kaka. Allurar da Yaya yake tsoro tana cikin mafi sauƙin abubuwan da ake yi wa mutum a sashen ɗaukar hoto, amma wata uku ko huɗu na jira, ga mai ƙwayar cutar hanta nau'in B da aka riga aka ga ƙari a hantarsa, shi ne abin da ya cancanci a ji tsoronsa a gidanku.

Sikanin ɗin da aka yi masa a makon jiya irin wanda ake yi wa masu juna biyu ne. Na'urar tana tura wani sauti da kunne ba ya ji zuwa cikin ciki, sautin ya bugi kayan ciki ya dawo, ita kuma ta mayar da amsa-kuwwar hoto mai baƙi da fari. Da wannan hoton likita yana iya cewa ga wani abu a wuri kaza, girmansa kaza, amma sau da yawa ba ya iya faɗin ko mene ne. Kalmar "ƙari" da ya yi amfani da ita ta tattara abubuwa da dama waɗanda ba su da wata dangantaka. Akwai dunƙulen jijiyoyin jini wanda mutane da yawa suke rayuwa da shi har tsufa ba tare da sun sani ba, akwai tabon da hanta take yi wa kanta idan ta daɗe tana fama da cuta, akwai ƙurji mai mugunya, akwai kuma ciwon daji, ko wanda ya tsiro a hantar ko wanda ya taso daga wani wuri kamar hanji ya sauka a cikinta. A hoton farko waɗannan duka suna iya yin kama da juna, kamar buhuna a ɗaure a cikin shago, ka san akwai kaya amma ba ka san gero ne ko dawa ba. Aikin sikanin na biyu shi ne kwance bakin buhun.

Game da maganar Yaya kuwa, ina so ki sani cewa ba daga sama ya tsinto ta ba, kuma idan za a yi masa bayani a fara da ba shi gaskiyarsa. Iska mai yawa idan ta shiga jijiya a lokaci guda tana iya toshe hanyar jini ta halaka mutum, shi ya sa yake ganin ma'aikaciyar jinya tana ɗaga sirinji sama tana ƙwanƙwasa shi da yatsa kafin ta yi allura. Inda lissafinsa ya kauce shi ne wajen girma da yawa. Kusan kowace ƙwayar kumfa da ke cikin wannan allura ba ta kai girman ƙwayar jan jini ba, saboda haka duk wata siririyar jijiya da jini yake bi, har waɗanda suke cikin huhu, ita ma tana wucewa ba tare da ta maƙale ba. Maganin da aka fi amfani da shi sunansa SonoVue, na wani kamfanin Italiya mai suna Bracco, an amince da shi a Turai tun 2001, a Amurka kuma an ba da izinin amfani da shi wajen duba hanta a 2016. Abin da ake yi wa babban mutum bai wuce mililita 2.4 ba, wato kamar rabin ƙaramin cokalin shayi, kuma da za a tattara iskar da ke cikin wannan rabin cokalin wuri ɗaya, ba za ta kai girman ɗigon ruwa guda ba. Ba ta bi ta ƙoda, ba ta kuma zama a jiki. Ta numfashi take fita, mafi yawanta cikin minti biyu na farko, kusan dukkanta kafin minti 15. Wannan ne dalilin da ya sa likitan ya zaɓe ta ga mai raunin ƙoda, alhali ruwan allurar da ake yi kafin hoton CT ƙoda ce take da aikin tace shi ta fitar. Sannan babu hasken eksire a cikinta ko kaɗan.

Ga yadda abin yake gudana, don ki iya kwatanta wa maigida, tunda mutum ya fi tsoron abin da bai san kamanninsa ba. Yawanci akan ce ya zo bai ci abinci ba na wasu sa'o'i, kuma tunda yana shan maganin suga sai ku tambayi yadda zai yi da maganin a safiyar ranar. Zai kwanta rigingine, a ɗaga hannunsa na dama sama da kansa, a sa masa ƙaramar allura a jijiyar hannun hagu irin wadda ake ɗaura ruwa da ita. Maganin gari ne a cikin 'yar kwalba; a gabansa za a zuba masa ruwan gishiri a girgiza na kamar sakan 20 har ya koma fari kamar madara. Likita zai shafa masa man nan mai sanyi a ƙasan haƙarƙari, ya nemo ƙarin ya tsayar da hannunsa a kai, sannan ya ce a tura. Daga wannan lokacin agogo yake soma ƙirga a gefen allon. Allon yakan rabu biyu, gefe ɗaya hoton da aka saba, ɗaya gefen kuma duhu ne wuluk. Bayan sakan goma zuwa ashirin sai a ga haske ya soma kwararowa cikin duhun, yana bin jijiyoyi kamar ruwa a cikin kwalbati, domin kumfar tana mayar da sauti da ƙarfi fiye da naman jiki. Abin da ake buƙata daga gare shi kawai shi ne ya yi numfashi a hankali, ya riƙe idan aka ce ya riƙe. Kallon kansa bai cika wuce minti biyar ko shida ba, sai kuma ya zauna na rabin sa'a a gaban ma'aikata kafin a sallame shi ya tafi da ƙafarsa.

Agogon nan shi ne sirrin gwajin, kuma a nan zan ɗan tsaya. Hanta ta bambanta da sauran kayan ciki domin ta hanya biyu jini yake shigo mata. Kusan kashi uku cikin huɗu yana zuwa ta wata babbar jijiya da ta kwaso shi daga hanji, sauran kuma ta jijiyar da take kawo shi daga ɓangaren zuciya. Na ɓangaren zuciya shi yake fara isowa da kumfar, na hanji ya biyo baya bayan kamar rabin minti. Lafiyayyar hanta ta fi dogara da na biyun, ciwon dajin hanta kuwa yana ƙirƙiro wa kansa sababbin jijiyoyi yana sha daga na farkon. Duk wanda ya taɓa tsayawa a bakin gona a Bakolori lokacin da aka saki ruwa ya san cewa ba sai ya tona ƙasa ba kafin ya gane irinta: wurin da yake da yashi yakan sha nan take ya kuma bushe kafin maƙwabtansa, laka kuwa a hankali take sha ta riƙe. Haka likita yake karanta ƙari. Dunƙulen jijiyoyi marar illa yakan soma ɗaukar haske ɗigo-ɗigo daga gefe, ya riƙa cika zuwa tsakiya sannu a hankali, ya kuma riƙe hasken har ƙarshe. Jakar ruwa ba ta ɗaukar komai, baƙa take zama daga farko har ƙarshe. Ƙurji yakan haska ta gefe, tsakiyarsa inda mugunyar take ya zauna cikin duhu. Dajin da ya taso daga wani wuri yakan saki haskensa da wuri, kafin minti ɗaya ya cika, ya koma baƙi ƙirin kamar an huda rami a hantar. Dajin da ya tsiro a hantar kuwa yakan haska gaba ɗayansa tun kafin sauran hantar ta haska, sannan bayan minti ɗaya ya soma dusashewa kaɗan-kaɗan. Hoton CT yana ɗaukar hoto ne a wasu lokuta ƙayyadaddu, wannan kuwa ana kallonsa yana gudana sakan bayan sakan, kuma idan abin bai fito sosai ba ana iya sake allurar a zama ɗaya.

Idan sakamako ya fito, mai yiwuwa ki ga an rubuta haruffan LR da lamba a gabansu. Wani ma'auni ne da ƙungiyar likitocin hoto ta Amurka ta tsara don masu haɗarin kamuwa da dajin hanta irin maigida. LR-1 yana nufin ba shakka abin ba mai illa ba ne, LR-5 yana nufin dajin hanta ne tabbas har ana iya soma magani ba tare da an ɗebo tsoka ba, na tsakiya kuma su ne masu buƙatar a sake dubawa ko a ƙara wani gwaji. LR-M yana nufin ana zaton daji ne amma ba a tabbatar da irinsa ba, kuma a nan akan sa siririyar allura a ɗebo ɗan nama a kai ɗakin gwaji. Na faɗa miki wannan don kada takarda ta zo hannunki ki kwana kina juya ta, amma fassararta ta ƙarshe tana bakin likitan da ya ga hoton da idonsa.

Ba zan ce miki allurar ba ta da illa ko kaɗan ba. Wasu sukan ji ɗan ciwon kai ko tashin zuciya ko wani ɗanɗano a baki, ya wuce da kansa. Wanda jikinsa yake ƙin maganin da ƙarfi har numfashi ya sarƙe yana da wuyar samu ƙwarai, kusan mutum ɗaya cikin 10,000, kuma saboda shi ne ake ajiye mutum rabin sa'a a inda akwai kayan ceto. Abin da ya rage gare ku shi ne ku faɗa wa likita tun kafin a fara idan maigida yana da ciwon zuciya, ko hawan jinin da ya ƙi sauka, ko ciwon huhu mai tsanani, ko kuma wata allura ta taɓa sa shi borin jini ko kumburin fuska.

Akwai kuma iyakar abin da gwajin yake iyawa, wanda bai kamata in ɓoye ba. Ƙari ɗaya ake iya zuba wa ido a kowace allura, kuma idan yana can ciki sosai ko hantar ta tara kitse, hoton ba ya fita da kyau. Idan ya tabbata daji ne, za a iya buƙatar CT ko MRI, wato hotunan da ake shigar da mutum cikin babbar na'ura a ɗauka, daga baya don a ga ko akwai wani a wani wuri. Sannan ba kowace na'urar sikanin ce take iya wannan aikin ba, ba kowane mai sikanin ne ya koye shi ba, maganin kuma daga waje ake kawo shi. Saboda haka kada ku hau mota da ka, musamman da halin da hanyoyinmu suke ciki. Ba a fafe gora ranar tafiya. Ku koma wurin likitan da ya rubuta takardar, ku roƙe shi ya faɗi takamaiman inda zai tura ku, a buga waya a tabbatar akwai na'urar, akwai maganin a ƙasa, ga ranar da ake yi, ga kuma kuɗin. Manyan asibitocin koyarwa na Sakkwato da Zariya da Kano su ne wuraren da za a fara tambaya. Idan mako biyu ya wuce ba a samu ba, kada ku ɓata watanni kuna farautarsa. Ku tambayi likita ainihin lambar da gwajin ƙodar ya nuna, domin raunin ƙoda mataki-mataki ne, kuma idan bai yi nisa ba ana yin CT ko MRI da allura bayan an ɗauki matakan kare ƙodar. Muhimmin abu shi ne a san sunan ƙarin nan a cikin wannan watan, ta kowace hanya likita ya ga ta dace.

Dalilin da ya sa nake matsawa shi ne girman da kika ambata. Ga mai ɗauke da wannan ƙwayar cuta shekara da shekaru, duk ƙarin da aka gani ana ɗaukarsa abin zargi har sai an wanke shi, kuma ba zan yaudare ki in ce zaton daji ba ya nan ba. Amma santimita 2 ƙarami ne, bai fi ƙwayar goro ƙarama ba, kuma a wannan girman ana iya yanke shi ta hanyar tiyata, ko a soka masa allura mai zafi a ƙone shi a inda yake, hanyar da ta fi aiki ga wanda bai wuce santimita 3 ba. Mafi yawan mutanenmu ba sa isa asibiti sai ciki ya kumbura da ruwa, ido ya yi ɗorawa da shawara, jiki ya rame, lokacin da abin da ya rage shi ne a rage musu raɗaɗi. Dajin hanta yana iya ninka kansa cikin 'yan watanni ba tare da mutum ya ji komai ba, saboda haka jin ƙarfin da maigida yake yi a yanzu ba hujjar jira ba ce. Haka nan idan aka yi masa gwajin jinin da ake kira AFP aka ce lafiya lau, kada hakan ya sa a fasa hoton, domin ƙananan ƙari da yawa ba sa ɗaga shi.

Maganar Hajiya tana buƙatar dabara, kuma shawarata kada ke ki zama mai ja da ita ko da Yaya, domin a gidan miji gaskiyar suruka ba ta cika yin tasiri ba idan ta fito daga bakinta kai tsaye. Ki fara da maigida, ku biyu, bayan isha, ki karanta masa wannan amsar. Sannan ki roƙe shi ya tafi da Yaya wurin likita, Yaya ya yi tambayarsa da bakinsa ya ji amsa da kunnensa. Babban wa da aka girmama aka tafi da shi yakan dawo shi ne mai lallashin uwa. Addu'a da sadaka da tofi babu abin da ya hana su, a ƙara ma. Jiƙo ne nake roƙo a dakatar. Duk abin da mutum ya sha, hanta ce take sarrafa shi, ƙoda ta fitar, kuma su biyun ne suke da rauni a jikinsa, ga shi babu wanda ya san adadin abin da ke cikin kofi ɗaya na saiwa da sassaƙe. Haka magungunan ciwon jiki da ake saye a kemis irin su diclofenac da ibuprofen, ya bar su sai da izinin likita, domin suna cin ƙoda.

Tumakinki kuwa, Allah ya ƙara albarka, amma kada ki kai su kasuwa duka huɗu a rana ɗaya. A ji kuɗin gwajin da na mota tukuna, a sayar da abin da zai isa, domin idan sakamakon ya nuna ana buƙatar magani, kuɗin da ke gaba ya fi na hoton nesa ba kusa ba. Kuma mutumin da yake da hatsi a shago da gona a tsaye ba ya rasa wanda zai ranta masa zuwa kaka. Bashin ne zai iya jira, ƙarin ba zai jira ba.

Ko da an wanke ƙarin nan an ce ba komai ba ne, shekara shidan da aka yi ba a bi ta kan ciwon ba kada a maimaita su. A auna yawan ƙwayar cutar a jininsa a kuma duba ko hantar ta soma taurara. Akwai magunguna irin su tenofovir da entecavir da suke danne cutar su rage haɗarin daji, ƙwaya ɗaya a rana, kuma saboda ƙodarsa likita ne zai zaɓi wanda ya dace da adadinsa. Daga nan sikanin duk wata shida ya zama ƙa'ida. Sana'arsa ma tana da hannu a maganar: gyaɗa da masarar da aka adana da danshi sukan yi fumfuna mai fitar da wata guba da ake kira afalatoksin, wadda idan ta haɗu da wannan ƙwayar cuta take ninka haɗarin dajin hanta sau da yawa. Abin takaici shi ne a gidajen 'yan kasuwa mai kyau ake kaiwa kasuwa, tsintar da ta yi baƙi ko ta yanƙwane ita ake barin wa gida a yi ƙuli-ƙuli da miya. Wannan ta daina shiga tukunyarku.

Kwano da kofin da aka ware masa a mayar da su cikin sauran. Ciwon hanta nau'in B ba ya bin abinci ko gumi ko gaisuwa, kuma mutumin da yake cikin fargaba ba ya buƙatar a ƙara masa da cin abinci shi kaɗai. Ta jini yake bi, da saduwar aure, da kuma daga uwa zuwa jariri, saboda haka abin da za a ware shi ne reza da askar wanzami da abin yankan farce da buroshin haƙori. Cutar ba baƙuwa ba ce a cikinmu; binciken ƙasa da aka yi a 2018 ya nuna kusan 8 cikin 100 na manyan Najeriya suna ɗauke da ita, mafi yawansu ba su sani ba. Ke da kanki ki je a gwada ki, da abokiyar zamanki idan kina da ita, da yaran gidan duka, wanda ba shi da ita a yi masa allurar rigakafi guda uku. Rigakafin ya shiga jerin na jarirai a Najeriya tun 2004, don haka ki duba katunan yaranki ki ga wanda ya samu da wanda ya tsallake. Tunda kuma sau da yawa tun ana ƙanana ake ɗaukarta a gida ɗaya, ranar da Yaya zai raka ƙanensa asibiti, shi ma ya miƙa hannunsa a ɗebi jini.